Dokokin Hana Cinikin Birai da Ajiye Su a Gida

Halittar biri tana kusa da ta ɗan Adam, shi ya sa cututtukansa ke saurin kama mutum. A 1967, birai da aka kai Jamus daga Yuganda sun yaɗa cutar Marburg ga ma'aikatan ɗakin bincike, mutum 7 suka rasu. Tun 1975 Amurka ta haramta shigo da biri don ajiyewa a gida. A Najeriya, dokar 1985 ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta taƙaita farauta da cinikin birai.

Kada ku sayi biri, kada ku bar yara su taɓa na masu wasa. Idan ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, ku wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ku garzaya asibiti don allurar haukan kare da ta tetanus.