Bayani a kan mawallafin Tarihin Sarakunan Kano da zamaninsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, wannan littafi da muke sharhinsa, Tarihin Sarakunan Kano, ya zo mana ba sunan mawallafi, ba shekarar rubutu. A cikinsa akwai sunayen littattafan da suka shigo Kano zamanin sarakunan farko, shi ya sa nake kallonsa kamar fihirisar ilimin fada. Amma ba a dogara da fihirisa sai an san wanda ya tsara ta da lokacin da ya yi.

Hanya ta farko, ka duba inda alƙalami ya tsaya. Littafin ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1882 zuwa 1893. Bai ambaci rasuwar Bello ba, bai kuma ambaci Basasar da ta biyo bayanta ba. Ke nan an rufe shi Bello yana kan gado.

Ta biyu, ka auna littattafan da ya ambata da zamanin masu su. Ya ce Ashafa da Mudawwana da Jami'us Sagir sun iso Kano zamanin Muhammadu Kisoki, wanda aka lissafa sarautarsa daga 1509 zuwa 1565. Alƙali Iyal mai Ashafa ya rasu 544 Hijira, Sahnunu mai Mudawwana 240, Suyuɗi mai Jami'us Sagir 911, wato 1505. Babu littafin da ya riga mai shi zuwa duniya, saboda haka lissafin ya tsaya da ƙafarsa.

Ta uku, ka lura da abin da marubucin ya ƙware a kai. Ya san kirarin sarakuna, da sunayen iyayensu mata, da muƙaman bayin sarki. Wannan sanin ɗan cikin gida ne. Don haka waɗansu masu bincike suka jingina aikin ga Ɗan Rimi Malam Barka, babban bawan fada a zamanin Bello. Waɗansu kuma suna ganin tsofaffin takardu ne aka yi ta ƙarawa a kai. A wurina maganganun biyu ba su yi karo ba: mai tarawa daban, masu ruwaya na farko daban.

Ku ɗalibanmu na Gangara, akwai tsofaffin takardu a gafakokin kakanninku. In kun ga suna a ƙarshen littafi, ku tantance: mawallafi ne, ko mai kwafi, ko mai mallaka? Shekarar da ke wurin, ta wallafa ce ko ta kwafi? Wanda ya cakuɗa waɗannan zai ba wani haƙƙin wani, ya kuma karya silsilar da ilimi ya biyo har ya iso gare mu. Allah shi ne Masani.