Daga Bagauda Zuwa Sudais: Tarihin Sunan Ɗa Namiji A Wurinmu

Wata safiyar Lahadi cikin damunar bana an yi taron suna a wani gida nan Sabo, wanda har yau ba a gama maganarsa a majalisu ba. An shimfiɗa tabarmi, an kawo goro da dabino, rago na ɗaure, wanzami na wasa askarsa. Liman ya karkato kunne wajen uban jariri, wani matashi haifaffen nan Badun wanda fataucin shanu ya kawo kakansa daga ƙasar Katsina. Uban ya raɗa masa: Korau. Liman ya ɗago kai, ya ce a maimaita masa.

Nan fa wuri ya kaure. Wasu dattawa suka ce wannan ai sunan Maguzawa ne, ba a yanka rago da shi. Shi kuwa uban ya ce in ka tsaya bakin layinsu ka ƙwala kiran Abba, yara biyar za su waiwayo. Yana son suna wanda ba kowa ke da shi ba, wanda kuma duk inda aka ji shi a ƙasar nan za a san ɗan Bahaushe ne. Abin lura shi ne, kwana uku kafin nan an raɗa wa wani yaro Sudais a bayan masallaci, babu wanda ya ce uffan. Wannan ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu ga yadda iyayenmu suka riƙa zaɓar wa ɗa namiji suna, da kuma yadda baƙon suna kan zama ɗan gari.

Sunayen Farko

Wanda duk ya duba jerin sarakunan Kano kamar yadda littafin Tarihin Kano ya kawo su, zai ga sunayen da yau ba a ji: Bagauda, wanda aka ce ya fara sarauta a shekarar 999, sai Warisi, Gijimasu, Nawata da Gawata, Yusa, Naguji, Gugua, Shekarau da Tsamiya. Sarki na goma kuwa sunan Musulunci gare shi, wato Usmanu Zamnagawa.

A wancan zamani yaro da sunansa yake zuwa duniya, aikin iyaye shi ne su duba halin da ya zo a ciki su karanta. Wanda aka haifa ana ruwan sama Anaruwa ne, wanda ya faɗo lokacin noma Nomau. Namijin da ya biyo bayan mata shi ne Tanko. Mai yatsa shida Cindo, mai hasken fata Jatau, wanda ya wuce lokacinsa a ciki Shekarau. In an daɗe ba a haihu ba sannan aka samu, sai a ce Tunau. Wanda ya rasa uwa yana jariri Talle, na ƙarshe a ɗaki kuwa Auta.

Mafi ban tausayi su ne sunayen wabi. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, in ta sake haihuwa sai a nuna kamar ba a damu da jaririn ba, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Akan kai shi kan juji a ajiye sannan a ɗauko, a kira shi Ajuji. Wani a kira shi Bawa, wani Barau, wato a bar mana wannan. Kada mu raina irin waɗannan sunaye, domin Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir na Alkalawa wanda ya yi zamani da Shehu Usmanu, da irinsu ya girgiza ƙasar Hausa.

Da Musulunci Ya Zo

A zamanin Sarkin Kano Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali da addini da littattafai. Ka tuna fa, a kunnen Bakanon wancan lokaci Abubakar da Umaru su ne baƙin sunaye, masu nauyi a harshe. Abin da kakanninmu suka yi shi ne suka haɗa biyun. Yaji ya zama Ali Yaji. Bayansa aka yi Abdullahi Burja, aka yi Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) wanda Shehu Magili ya sauka a wurinsa, aka yi Muhammadu Kisoki da Abubakar Kado. A Kabi aka yi Muhammadu Kanta, a Zazzau Isiyaku Jatau da Muhammadu Makau. A Katsina kuwa sarkin da ruwaya ta ce shi ne Musulmi na farko a kan gadon sarauta sunansa Muhammadu Korau, kuma har gobe fadar Katsina Gidan Korau ake kiranta.

Daga nan ne muka gaji tsarin da muka tashi muka tarar: sunan yanka da liman ke raɗawa ran kwana bakwai, sai sunan rana kamar Ɗanladi, Tanimu, Ɗantala, Balarabe, Ɗanlami, Ɗanjuma da Ɗan'asabe, sai kuma laƙabi. Harshenmu ma bai bar sunayen Larabci yadda suka zo ba, sai da ya tausasa su. Abdullahi ya koma Audu, Muhammadu ya koma Mamman, Ibrahim Iro, Idrisu Idi, Abubakar kuwa Habu ko Garba. Son Annabi (SAW) ya sa gida ɗaya kan jera Muhammadu har goma, a rarrabe su da lissafi: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u da Ashiru.

Al'adar kunya ta ƙara wani abu. In an mayar wa yaro sunan kakansa, uwa da matan gida ba za su iya kama sunan surukinsu ba, sai su sakaya da Abba, Baba, Baffa, Babangida ko Maisuna. Wannan shi ne asalin yawan Abban da abokinmu ke kuka da shi.

Jihadin 1804 ya zo da nasa. Sunayen Fulatanci irin su Bello, Dikko da Sambo suka shiga gidajen Hausawa suka zauna daram. Malamai kuma suka riƙa sa wa 'ya'yansu sunayen mawallafan littattafan da suke karantawa. Shehu Usmanu kansa yana da ɗa mai suna Buhari, alhali kalmar asalinta jingina ce ga birnin Buhara, garin mai littafin hadisin nan. Haka Gazali da Suyuɗi da Sanusi da Jilani, duk sunayen dangi ne ko na gari, ƙauna ta mayar da su sunan yanka. Ashe ke nan uban Sudais ma, da ya ɗauko sunan dangin limamin Harami, tsohuwar hanya ya bi, ko da bai sani ba.

Da Muka Sauko Kurmi

Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, fataucin goro da na shanu ya buɗe sosai. A 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa tamu ta Sabo. Iyayenmu suka tarar da maƙwabta waɗanda su ma ba sa wasa da suna. Bayarabe yakan ce gida ake dubawa kafin a sa wa yaro suna. Muna da Hasan da Husaini da Gambo, suna da Taiwo da Kehinde da Idowu. Muna da Ɗanjuma, suna da Jimoh. Ajujinmu da Barau su ne Malomo da Kokumo nasu, har Sarkin Ikko Kosoko, wanda ya yi mulki daga 1845 zuwa 1851, sunansa na wabi ne, ma'anarsa babu fartanyar haƙa kabari.

Amma akwai wurin da aka rabu. Sunan Musulunci ɗaya ne, furucin ne ya bambanta. Abubakar ɗinmu shi ne Bakare a cikin gari, Badamasi Gbadamosi, Ibrahim Buraimo, Abdulhamidu Lamidi. Saboda haka a zango suna ya ɗauki wani aikin da ba ya yi a Kano ko Sakkwato: shi ne shaidar mutum. Maigidan da ke saukar da fatake, ana ba shi amanar shanu da kuɗi ba tare da takarda ba, da jin sunan baƙo da na garinsu ya san wa ke gabansa. Garba Nakatsina, Tanko Maigoro, Audu Ɗanhaɗeja, irin waɗannan sunaye su ne fasfo a wancan lokaci.

A farkon shekarun 1950 ɗarikar Tijjaniyya ta game Sabo, kamar yadda Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna cikinmu yana bincike, ya bayyana a littafinsa na 1969. Tun daga sannan Tijjani da Ibrahim da Barhama suka yawaita, albarkacin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha. Tijjani da yau muke ganin kamar da shi aka halicci Sabo, akwai lokacin da sabo ne fil a kunnen mutane.

Guguwar Zamani

Daga nan sai sunaye suka fara zuwa ta rediyo. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairun 1976, gidaje da yawa suka samu Murtala. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya bar mana su Saddam, bayan 2001 kuma aka yi ta Usama. Wasu daga cikin waɗannan yara sun girma sun sha tambayoyi a wurin neman biza da bakin iyaka, kan abin da ba su ji ba ba su gani ba. Yawan zuwa Hajji da Umra da karatu a ƙasashen Larabawa ya kawo Fahad, Mubarak, Anwar, Aiman da Affan. Yau kuwa uba kan buɗe waya ya shiga intanet ya zaɓo abin da ya yi masa daɗi a kunne, wani lokaci ba shi ba, har liman bai san ma'anarsa ba.

Ana cikin haka sunayen gida suka yi ta ɓacewa. Yaushe rabon da ka ji an kira ƙaramin yaro Nomau ko Tunau a Sabo, ko a Shagamu, ko Agege? Sun koma sunayen tsofaffi, in an binne mai su an binne da su. Abin ya juye: sunan da ba a saba ji ba a yau shi ne wanda kakanninmu suka fi sabawa da shi. Ga shi kuma jikokinmu da yawa Yarbanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, wasu ba su taɓa taka Arewa ba sai ranar da neman takardar shaidar asali ta kai su, a tsare su da tambayar ɗan gidan wa ne. Damuwar uban Korau ke nan, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Abin Da Muka Fahimta

Baƙuntar suna ita kaɗai ba aibi ba ce. Malaman sira sun ce lokacin da Abdulmuɗɗalibi ya sa wa jikansa Muhammadu, Ƙuraishawa sun tambaye shi dalilin barin sunayen iyayensa, don ba su saba da shi ba. Alƙur'ani a Suratu Maryam ya nuna ba a taɓa kiran wani Yahaya ba kafin ɗan Annabi Zakariyya. Abin da addini ya tsaya a kai shi ne kyan ma'ana. Hadisi ya nuna Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwa ga Allah, kuma Annabi (SAW) ya canza wa mutane sunayen da ma'anarsu ba ta da kyau. Hausawa suka taƙaice zancen suka ce suna linzami.

Don haka shawararmu ga mai neman sunan da ba kowa ke da shi ba ita ce, ya fara sanin ma'anarsa daga bakin malami in na Larabci ne, daga bakin tsofaffi in na gida ne. Ya gwada shi a bakin kakar yaron da bakin maƙwabcinsa Bayarabe, ya ji yadda zai fito. Ya tsayar da rubutunsa guda ɗaya tun daga takardar haihuwa, don mun ga yadda harafi ɗaya ke hana yaro rubuta jarrabawa ko karɓar kuɗinsa a banki. Ya kuma tuna yaron ne zai ɗauki sunan shekara saba'in in Allah ya ba shi rai, bayan labarin da ke tashe yau ya daɗe da shuɗewa.

To, yaya aka ƙare a gidan sunan? Ana tsakiyar gardama sai kakar uban, tsohuwar da ta haura tamanin, ta aiko daga cikin gida. Ta ce a tambayi jikanta, a garinsu Korau shi ne yaron da aka haifa bayan an kori uwarsa daga gidan miji, to ga maijego nan a ɗaki tana shan kunun kanwa, wa ya kore ta? Wuri ya fashe da dariya, uban ya sunkuyar da kai, don shi sarkin ya sani, wannan ma'anar bai taɓa jin ta ba. Liman ya ce abin ai mai sauƙi ne, a yi yadda Katsinawan farko suka yi. Aka yanka rago da Muhammadu, aka shafa fatiha, a takarda aka rubuta Muhammadu Korau. Ita dai tsohuwa ta ce ba da bakinta ba. Da yake cikin ruwan sama aka haife shi, Anaruwa take kiransa, kuma mun ji matan layin duk sun bi ta.

Daga ƙarshe muna kira ga kowane gida da Allah ya bar wa tsoho ko tsohuwa, a zauna da su a rubuta sunayen iyaye da kakanni da laƙabinsu da dalilin kowane, a miƙa wa sakataren ƙungiya don mu tara su wuri guda. Ba don wannan tsohuwa ba, da babu wanda zai faɗa mana abin da ta faɗa, kuma irinta ba su da yawa yanzu a Sabo. Allah ya raya mana Muhammadu Korau da Sudais da sauran 'ya'yanmu bisa tafarkin Musulunci, ya sa su yi wa sunayensu kara, amin.