Tsoffin teburan katako na Kafanchan: asalin salonsu da yadda ake gane su

A tsoffin kwatas na ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan, da gidajen mishan na Kagoro da Kwoi, da ofisoshin En'e na da, akwai wani irin teburi da duk wanda ya tashi a yankin zai iya tunawa da shi. Katako ne jawur mai nauyi, ƙafafu huɗu miƙaƙƙu masu kauri daga sama suna sirancewa zuwa ƙasa, da aljihu ɗaya ko biyu mai mariƙin tagulla. Wasu suna da kunnuwa biyu da ake ɗagawa idan an yi baƙi, a sauke idan an gama. Yau irin waɗannan tebura sun fara biyo motocin kaya zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal, kuma da yawa ta hannun 'yan uwanmu masu sana'ar gwanjo suke wucewa, galibi a farashin itacen girki.

Daga ina wannan siffa ta fito?

Asalinta Turai ne. A shekarar 1738 aka fara tono garin Hakulaniyam a Italiya, a 1748 kuma aka shiga Fomfei. Garuruwa ne na Rumawa da dutse mai aman wuta ya binne tun shekara ta 79 Miladiyya. Da Turawa suka ga gine-gine da kayan ɗakin da ke ƙarƙashin tokar, sai suka fara gajiya da salon da suke yayi a lokacin, mai yawan lanƙwasa da furanni da ruwan zinariya. Aka koma ga miƙaƙƙen layi da daidaito, dama ta yi daidai da hagu, ado kaɗan. Wannan shi ne salon da suke kira niyo-kilasik, wato farfaɗo da fasahar Girkawa da Rumawa, kuma ya yi tashe daga wajen 1760 zuwa 1830.

A Ingila sunaye uku ne suka fi fita: magini Robert Adam, sai George Hepplewhite wanda aka buga littafinsa na zanen kayan ɗaki a 1788 bayan rasuwarsa, da Thomas Sheraton da ya fara fitar da nasa a 1791. Littattafan nan su ne sirrin yaɗuwar abin, don kuwa kafintan da bai taɓa zuwa Landan ba yana iya buɗe shafi ya kwaikwayi ƙafar teburi. Ƙafar nan mai sirancewa, wani lokaci da 'yan kwaruruka a tsaye a jikinta, kwaikwayon ginshiƙan gine-ginen Girkawa ce.

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 salon Sheraton ya sake dawowa yayi a Ingila. To, daidai lokacin ne Turawan mulki suka ci ƙasar Hausa, Kano ta faɗi a 1903. Abin da idonsu ya saba da shi a gida, shi suka nema a nan.

Yadda ya iso Kafanchan

Hanyar dogo ce ta kawo shi. Layin da ya taso daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, ya ci gaba zuwa Arewa, a 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa: hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin. Tasha da ofisoshi da gidajen ma'aikata da kotu da makaranta, kowanne yana buƙatar teburi, alhali a al'adarmu ta da ba shi cikin kayan ɗaki. Kalmar ma aro ce. Masassaƙinmu turmi yake yi da akushi da kujerar tsugunno, duk daga gungume ɗaya. Haɗa falle-fallen katako sana'ar kafinta ce, kuma kafintocin farko a garuruwan dogo yawanci mutanen Kudu ne da suka biyo jirgi, daga baya 'yan ƙasa suka koya a hannunsu da kuma makarantun mishan.

Gwamnati ba ta ɗauko wa kowane akawu teburi daga Ingila ba. Ma'aikatar ayyuka, wato PWD, da ma'aikatar jirgin ƙasa suna da wuraren aikin kafinta nasu, su ke yi wa gidajen gwamnati kaya. Aka riƙe ƙirar, aka zubar da kwalliyar: babu ƙawar da ake dasawa da katako mai launi daban, babu siririn falle mai tsada da ake mannawa a sama, don gam ɗin zamanin ba ya jure damina da hunturunmu. Abin da ya rage shi ne ƙafar da daidaiton.

Saboda haka kada dillali ya ruɗe ka, kai ma kada ka ruɗi kanka. Da wuya a samu teburin 1790 a Kafanchan. Abin da ke akwai jikansa ne, haifaffen Najeriya, kuma a ganina wannan bai rage masa daraja ba. A kasuwar kayan tarihi ta duniya abu yakan shiga sahun tsoffin kaya ne idan ya cika shekara 100, mahaɗar Kafanchan kuwa a 2027 take cika ɗarinta.

Katakon

Turawan ƙarni na 18 da mahogani na Jamaika da Kuba da Honduras suke aiki. Da ya yi ƙaranci sai suka juyo Afirka ta Yamma, inda akwai itatuwa 'yan uwan madacinmu. Ta tashar Sapele aka riƙa fitar da gungume zuwa Libaful, har ma akwai katakon da duniya ta sani da sunan garin. Kun ga ke nan, wasu teburan da aka yi a Ingila a zamanin Sarki Edward na Bakwai ma da itacen Afirka aka yi su.

A Kudancin Kaduna an fi cin karo da madaci, ja mai duhu idan ya tsufa, da loko, mai ruwan ƙasa, wanda gara ba ta cika samun sa'arsa ba, sai kawo mai nauyin tsiya. Idan ka ga tik ko malaina, to aikin baya-bayan nan ne, domin dajin Nimbiya da ke hanyar Jos sai a 1957 aka fara dasa shi. Madobiya kuwa labarinta daban ne. Saran da aka yi mata don kai wa Sin ya sa aka saka ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Manyan itatuwan da ake yanko falle mai faɗin kamu uku daga jikinsu sun yi ƙaranci ƙwarai, shi ya sa saman tsohon teburi kaɗai yakan fi sabon teburi sukutum.

Yadda ake ganewa

Kifa shi ƙasa, can gaskiyar take. Shafa bayan fallen da tafin hannu: aikin hannu yana da ɗan tudu da kwari, na inji sumul yake. Zaro aljihun ka dubi kusurwarsa. Tsohon aiki haƙora ake yanka wa katakon a sarƙe su kamar yatsun hannu biyu, kuma ba sa zuwa daidai wa daida. Ƙafa kuma harshe ake fitar mata a jikin katakon da ke riƙe ta, a cusa cikin rami, wani lokaci a soke da turken itace. Idan ƙusa ce kawai ke riƙe da ƙafa, ba shi ba ne. Noti mai kan gicciye bai yaɗu ba sai bayan shekarun 1930, filawud kuma sai wajen 1950 ya wadata a nan, bayan an kafa masana'antarsa a Sapele. Amma a lura, sau da yawa gyara ne aka yi daga baya, gindin aljihu kawai aka sauya.

Tsagewa a saman teburi ba aibi ba ne, aikin iskar hunturu ne na shekaru. Wanda zai kai shi Kudu ya sani katakon zai sha laima ya kumbura, aljihu ya riƙa cijewa. A ba shi makonni ya saba kafin a kira kafinta ya kankare. Babbar ɓarna ita ce a bi shi da sanfefa a shafe da fenti mai ƙyalli. Tsumma mai ɗan danshi da man goge katako sun isa.

Sai batun tambari. Idan akwai harufan PWD ko NR a ƙasa, alama ce mai kyau ta shekaru, domin sai a 1955 ma'aikatar jirgin ƙasa ta zama hukumar NRC. Sai dai tambarin nan yana nufin kayan gwamnati ne tun asali. Wasu an yi gwanjonsu bisa ƙa'ida, wasu kuwa ta taga suka fita. Mai saye ya tambayi yadda aka yi teburin ya zo hannun mai sayarwa, ya karɓi rasit da shaidu, kafin ya ɗora shi a mota.