BAYANI: Wa ke da ikon katse layin waya a Najeriya? Darasi daga Batsari da Safana

A watan Satumba na 2021, mazauna Babban Duhu a Ƙaramar Hukumar Safana sun wayi gari babu sabis a wayoyinsu. Haka abin ya kasance a Batsari da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Dutsin-Ma da sauran ƙananan hukumomi, 13 jimilla, waɗanda gwamnatin Aminu Bello Masari ta nemi a rufe turakun sadarwarsu domin yaƙi da 'yan bindiga. Wannan bayani ya duba dokar da ta ba da damar hakan, da abin da matakin ya jawo, da yadda tauraron ɗan'adam ke sauya lissafin.

Yadda abin ya faro

Daga Zamfara aka soma. Bayan sace ɗalibai a Ƙaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun ranar 1 ga Satumba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin jihar daga ranar 3 ga wata, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle. An ce na mako biyu ne, amma mafi yawan sassan jihar ba su ga sabis ba sai ƙarshen Nuwamba. Katsina ta bi sahu bayan 'yan kwanaki, sai Sakkwato, sai Kaduna a ƙarshen watan.

A Katsina, rufe layin ya zo ne cikin jerin matakai. Tun ƙarshen Agusta gwamnati ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, ta hana sayar da fetur a jarka. Daga baya ta haramta sana'ar cajin waya a wuraren da matsalar ta fi ƙamari. Hujjar hukumomi ita ce da waya masu kwarmata bayanai ke sanar da 'yan bindigar dajin Rugu motsin jami'an tsaro, da ita kuma ake cinikin kuɗin fansa.

Abin da doka ta ce

Gwamna ba shi da ikon kashe turken waya. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya harkar tarho da rabon zangon sadarwa cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Abin da gwamna ke yi shi ne ya rubuta wa Ma'aikatar Sadarwa, wadda Isa Ali Pantami ke riƙe da ita a lokacin, ita kuma NCC ta ba kamfanoni umarni.

Madogarar hukumar ita ce Dokar Sadarwa ta 2003. Sashe na 148 ya ba ta damar dakatar da lasisi, ko karɓe ragamar kayan sadarwa na wucin gadi, ko janye sabis daga jama'a, idan an shiga halin gaggawa ko kuma domin kare lafiyar al'umma. Kamfanin da ya ƙi bin umarni yana wasa da lasisinsa ne.

Sai dai Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin karɓa da isar da bayanai, Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci ne kawai da dokar da za a iya kare ta a tsarin dimokuraɗiyya. A nan muhawarar take. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa katse intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa wa haƙƙin ɗan'adam, ta sake yanke makamancinsa a 2022 kan dakatar da Twitter da Najeriya ta yi na wata bakwai.

Wa ya ɗauki nauyin?

Ga mutumin ƙauye a bakin daji, waya ita ce ƙararrawa. Da ita maƙwabcin gari ke shaida masa an ga ayarin babura, da ita ake kiran soja ko 'yan sa-kai, da ita ake neman mota idan naƙuda ta zo da gardama. Da aka rufe layi, masu POS suka tsaya, kuɗin da 'yan ci-rani ke turo wa iyalansu daga Legas ko Fatakwal suka maƙale, labarin hari kuma ya riƙa isa Katsina bayan an riga an yi jana'iza. Mai son kira sai ya biya kuɗin mota zuwa inda sabis yake, a kan hanyoyin da su kansu ba su da aminci.

A watan Disamba gwamnatin jihar ta fara mayar da sadarwa, amma Batsari da Safana ba sa cikin rukunin farko. Hare-hare kuwa sun ci gaba a yankin shekaru bayan haka.

Ina tauraron ɗan'adam ya shigo?

Kashe turke yana aiki ne kan wanda ya dogara da turke. Najeriya ta ga haka tun 2013, lokacin da aka katse layukan Borno da Yobe da Adamawa bayan dokar ta-ɓacin Shugaba Goodluck Jonathan. Cikin watan Yuni na shekarar sai da sojoji suka haramta wayar Thuraya a Borno, domin ita kai-tsaye take magana da tauraro. A garuruwan kan iyaka irin su Jibiya kuma, sabis ɗin kamfanonin Nijar na tsallakowa, NCC ba ta da iko a kansa.

Gwamnati na da nata tauraron sadarwa. NigComSat-1, wanda Sin ta harba a Mayun 2007, ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar lantarki. An maye gurbinsa da NigComSat-1R ranar 19 ga Disamba, 2011, da wa'adin aiki na shekara 15. Daga cikin dalilan da aka bayar na kashe masa kuɗi akwai kai sadarwa karkara, aikin da Asusun USPF, wanda dokar 2003 ta kafa, shi ma aka ɗora wa.

Sai kuma Starlink na Elon Musk, wanda NCC ta ba lasisi a Mayun 2022, ya fara aiki a Janairun 2023, Najeriya ce ƙasar farko a Afirka. Faifansa ɗan ƙarami ne, ana iya ɗaukarsa a babur, ba ya buƙatar turke ko kaɗan. Kuɗin sayensa da na wata-wata sun fi ƙarfin manomin Babban Duhu, amma ba su fi ƙarfin mai karɓar kuɗin fansa na miliyoyi ba. Ma'ana, idan aka sake rufe turaku a yau, talaka ne zai fi shiga duhu, mai bindiga yana da wata ƙofar.

Tambayoyin da suka kamata

Sashe na 148 yana nan daram, kuma kowace gwamnati na iya sake amfani da shi. Saboda haka akwai abubuwan da ya dace matasa su tambayi 'yan majalisarsu na tarayya, tunda su ke da ikon gyara dokar: shin za a ƙayyade kwanakin rufe layi a rubuce, a kuma wajabta neman amincewar kotu ko majalisa kafin a tsawaita? Za a bar lambar gaggawa ta 112 a buɗe? Za a wallafa rahoton abin da aka cimma bayan an gama? Mutanen Batsari da Safana sun yi wata uku da ɗoriya suna biyan farashin matakin, don haka suna da haƙƙin ganin lissafinsa.