Mulkin Rumawa da Rayuwar Birtaniyawan Da: Su Wane ne Suka Sauya?

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tasirin mulkin Rumawa a Birtaniya daga shekara ta 43 zuwa wajen 410 Miladiyya, bisa rubutun marubucin Rumawa Tasitus da kayan da aka tono a ƙasa. Matsayarta ita ce sauyin bai game kowa ba. Masu sarauta sun rungumi al'adar Rum don riƙe matsayinsu, shi kuwa manomi ta ƙofar haraji ya san daular.

Gabatarwa

Yuliyus Kaisar ya leƙa tsibirin a 55 da 54 kafin Miladiyya, amma mamaya ta sosai sai a zamanin Sarki Kalaudiyus. Tun da Francis Haverfield ya gabatar da nazarinsa a 1905 aka daɗe ana kallon abin a matsayin wayewa da ta sauka a kan jahilai. Ba mamaki, domin ya yi rubutu ne lokacin da ƙasarsa ke ganin kanta magajiyar Rum. Martin Millett a 1990 ya mayar da hankali kan zaɓin manyan ƙasa, David Mattingly kuma a 2006 ya tuna wa masana cewa ƙasa ce da aka ci da yaƙi ake tatsa.

Masu sarauta da birane

Rumawa ba su da ma'aikatan da za su iya riƙe kowane lungu, don haka suka yi mulki ta hannun manyan ƙabilu, tsarin da ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta tarihin Arewa zamanin Turawa. Tasitus ya ba da labarin yadda surukinsa, Gwamna Agirikola, ya ƙarfafa gina kasuwanni da wuraren bauta, ya sa aka koya wa 'ya'yan manya Latin, har suka fara yafa mayafin Rumawa. Shi kansa Tasitus ya ɗauki wannan a matsayin bauta, ba ci gaba ba. Wanda ya ba da kai ya ci riba: katafariyar fadar Fishbourne, da aka gina wajen 75, ana kyautata zaton ta Togidubnus ce, sarkin da ya yi mubaya'a da wuri.

Amma biyayya ba ta hana wulakanci ba. Prasutagus na ƙabilar Iceni abokin Rumawa ne, yana mutuwa aka ƙwace ƙasarsa, aka yi wa matarsa Budika bulala, aka keta haddin 'ya'yansa mata. Tawayen da ta jagoranta a 60 ko 61 ya mayar da Colchester da Landan da St Albans toka, kuma har yau masu tono na samun jar ƙasar wannan gobara a ƙarƙashin Landan.

Abin da ƙananan rubuce-rubuce suka nuna

A maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Bath an haɗa gunkiyar gida, Sulis, da Minaba ta Rumawa. An tsamo ƙananan allunan dalma kusan 130 daga ruwan, yawancinsu ƙarar ɓarayi ce: wanda aka sace wa mayafi ko 'yan kuɗi yana wanka sai ya rubuta kukansa, ya roƙi gunkiyar ta hana ɓarawon barci ko lafiya har ya dawo da kayan. Da Latin aka rubuta, amma sunaye da yawa na 'yan ƙasa ne. Ke nan rubutu ya sauko har ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma ya yi amfani da shi wajen biyan buƙatarsa.

A South Shields, kusa da ganuwar Hadiriyan da aka fara a 122, akwai dutsen kabarin Regina, 'yar ƙabilar Catuvellauni. Baiwa ce da Barates, mutumin Palmira ta Siriya, ya 'yanta ya aura. Ta rasu tana da shekara 30, ya yi mata rubutu da Latin da Aramiyanci. Ana yawan kafa hujja da dutsen kan cuɗanyar al'ummomi, a manta cewa a ƙasar haihuwarta ta yi bauta.

Karkara

Masana na ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na jama'a a karkara suke. Da yawa, musamman a arewa da yamma, sun ci gaba da zama a zagayayyun ɗakunan jinka irin na kakanninsu. Sai dai ciyar da dubban sojoji ya hau kansu, ga ma'adinai da daula ta kama: dalmar Mendip tun wajen 49, da zinariyar Dolaucothi a Wales. Haraji ya tura manomi kasuwa neman sulalla, daga nan tukwanen masana'antu suka shigo gidansa.

Da sababbin sulalla suka daina shigowa da yawa a farkon ƙarni na 5, manyan masana'antun tukwane suka durƙushe cikin 'yan shekaru, birane suka yi kufai. Noma bai tsaya ba, kuma harshen 'yan ƙasa ya rayu, shi ne tushen harshen Wales na yau, ɗauke da ɗaruruwan kalmomin aro daga Latin.