Guguwar Ƙanƙara ta 1888 da Masu Riƙe da Labarinta

A ƙasarmu in an ce sanyi, to, hunturu ake nufi: iska ta taso, hazo ya rufe gari, ƙafa ta yi faso. A arewacin ƙasar Amurka kuwa abin ya wuce nan. Can in sanyi ya tsananta, ruwan da ke cikin gajimare yakan daskare, ya zubo fari fat, mai laushi kamar audugar da aka shiɓe. Shi ake kira dusar ƙanƙara. In ta zo ita kaɗai, yara ma wasa suke yi da ita. Amma in ta gamu da iska mai ƙarfi, mutum ba ya ganin gabansa, balle hanya.

Irin wannan ce ta auka wa birnin Niyok da ƙasashen da ke kewaye da shi cikin watan Maris na 1888. Ran Asabar 10 ga wata gari ya yi ɗumi, kowa ya ɗauka sanyi ya yi sallama. Masu duban yanayi na Gwamnati, waɗanda a zamanin nan suna ƙarƙashin soja, ba su hango wani abin tsoro ba. Ba laifinsu ba ne duka, gama a bisa teku guguwar ta tara ƙarfinta, inda ba mai awo, jiragen ruwa kuwa ba su da rediyo tukuna. Ran Lahadi aka yini ana ruwa. Da dare ya raba sai ruwan ya juye dusar ƙanƙara.

Ran Litinin da safe talakawa suka fita wurin aiki duk da haka, don gudun kada a yanke musu albashi ko a kore su. Jiragen ƙasa da ke bi ta kan dogayen gadoji a cikin birni suka maƙale can sama da mutane dubbai a ciki, har waɗansu masu wayo suka kawo tsani, suna karɓar kuɗi suna sauko da su. Turakun waya suka zube, Niyok ta yanke da Bostan, sai da aka riƙa aika saƙo Landan ta wayar ƙarƙashin teku, daga can a komo da shi. Kafin abin ya lafa ran 14 ga wata, mutum fiye da 400 sun halaka, wajen rabinsu a cikin birnin. Har da wani babban ɗan siyasa, Roscoe Conkling, wanda ya nufi gida da ƙafa, ya kwanta ciwo, ya rasu cikin Afrilu.

A Niyok zurfin dusar ya kai wajen inci 21. A waɗansu garuruwa na arewa da ita ya kai inci 40 zuwa 50. To, mai karatu ya tambaya, wa ya tsaya yin awo a rana irin wannan?

Tun 1849 wani masani, Joseph Henry, shugaban makarantar bincike ta Smithsonian, ya fara raba ma'aunai ga mutanen gari: manoma, da malaman makaranta, da likitoci, da limaman coci. Ba a biyansu ko anini. Kowace rana mutum ya fita ya duba ma'aunin zafi, ya lura da inda iska ta fito, ya rubuta. In dusa ta zuba ya soka sanda mai alamar inci, kāna ya narkar da wadda ta taru a mazubi, don a san ko ruwa nawa ke ciki. Galibi inci goma na dusa yakan ba da inci ɗaya na ruwa. Wajen 1860 masu wannan aiki sun kai 500. A 1890 aka yi dokar da ta raba aikin yanayi da soja, ta kuma kafa waɗannan 'yan sa kai a bisa tsari.

Akwai kuma wani iri, waɗanda ba awo suke yi ba, tunawa suke. A 1929 dattawan da suka tsira suka kafa jam'iyya da sunan Mazajen Guguwar 1888. Duk shekara in 12 ga Maris ta zagayo sai su taru su ci abinci, kowa ya ba da nasa labari. Labarin tsofaffi kuwa kun san halinsa, kowace shekara tarin dusar sai ya ƙara tsawo. A ƙarshen Disamba 1947 aka yi wata wadda ta kai wajen inci 26 a Niyok, watau ta fi tasu a ma'auni, amma dattawan nan suka ƙi yarda ta kama ƙafar tasu. A ganina suna da hujja, gama sanda tana auna zurfi ne, ba ta auna ƙarfin iska da zafin sanyi, su kuwa su ne suka kashe mutane a 1888.

Takardun masu awon ba su ɓata ba. A 1983 wani masanin yanayi, Paul Kocin, ya koma kan rubuce-rubucen wancan lokaci, ya sāke zana taswirar guguwar, aka ga yadda ta taso ta gefen teku, ta zo ta yi tsaye kusa da gaɓa kwana da kwanaki tana juyi. Abin da ya kuɓuce wa masu duban yanayi ke nan shekara 95 kafin nan.

Har yau akwai 'yan sa kai dubbai a Amurka. Wani manomi na tsibirin Long Island, Richard Hendrickson, ya fara awo a 1930 yana saurayi, ya yi fiye da shekara 80 yana fita safe da maraice. Ya rasu a 2016 yana da shekara 103.