Ƙungiyar Ɗaliban Da Ta Reni Zik Da Nkrumah

Duk uban da ɗansa ya samu shiga Jami'ar Legas ta Akoka ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, gargaɗinsa na farko ɗaya ne: "Kul, ban da shiga ƙungiya!" Muna da dalili kuwa, don ba mu manta da ɗalibai biyar da 'yan ƙungiyar asiri suka kashe a jami'ar Ile-Ife a watan Yulin 1999 ba. To amma kafin mu yi wa kowace ƙungiya kuɗin goro, bari mu waiwayi tarihi.

A Amurka, bayan an 'yanta bayi a 1865, wariyar launin fata ta ci gaba da hana baƙaƙe shiga yawancin jami'o'i. Sai suka dogara da nasu, irin su Lincoln da aka kafa a 1854, da Howard da ke birnin Washington wadda aka kafa a 1867. A Howard ɗin ne, ranar 9 ga Janairu, 1914, ɗalibai uku, A. Langston Taylor da Leonard F. Morse da Charles I. Brown, suka kafa ƙungiyar 'yan'uwantaka mai suna Phi Beta Sigma, sunan da aka harhaɗa da haruffan Girkanci uku. Aƙidarsu ita ce mai ilimi kada ya ware kansa daga talakawan da ya fito cikinsu, ya koma ya yi musu hidima. Ɗaliban da kansu ke zaɓen shugaba da magatakarda da ma'aji, su tara kuɗi, su rubuta bayanin taro. A shekarun 1920 suka ɓullo da shirin ƙarfafa kasuwancin baƙar fata. Takwararsu Alpha Phi Alpha, wadda Martin Luther King ya shiga daga baya, ta riƙa bin unguwanni tana jan hankalin yara su gama sakandare su wuce jami'a.

Ina ruwanmu da wannan? Ai ɗaya daga cikin 'yan Sigma ɗan ci-rani ne irin 'ya'yanmu. An haifi Nnamdi Azikiwe a Zungeru a 1904, inda mahaifinsa ke aikin akawu, kuma da Hausa ya tashi a bakinsa, har sai da aka tura shi Anacha don ya koyi harshen iyayensa. Ya yi makarantar Methodist a nan Ikko, ya tafi Amurka a 1925. Can ya sha wuya, har wanke-wanken kwanoni ya yi don biyan kuɗin makaranta. Ya zauna a Howard, ya sauke digiri a Lincoln a 1930. Da ya dawo, a nan Ikko ya kafa jaridar West African Pilot a 1937, sannan ya tsaya tsayin daka har aka buɗe jami'ar Nsukka a 1960.

Kwame Nkrumah ya bi sawunsa zuwa Lincoln a 1935, ya shiga reshen Sigma na makarantar, ya gama a 1939. Shi ma aikin jirgin ruwa da sayar da kifi a Harlem suka riƙe shi. Yana cikin jagororin ƙungiyar ɗaliban Afirka na Amurka da Kanada. Wannan ɗalibin ne ya karɓo wa Gana 'yanci a 1957. Ba mu ce ƙungiya ce kaɗai ta yi su ba, amma a irin waɗannan tarurrukan na ɗalibai ne matashi ke koyon jan taro, da sauraron wanda ya saɓa masa, da riƙe amanar kuɗin jama'a.

Gaskiya ɗaya ce, su ma ba su rasa aibu ba. Al'adar gana wa sababbin shiga azaba ta yi ta jawo asarar rayuka, har shugabannin waɗannan ƙungiyoyi suka haramta ta a 1990. Mu ma a nan, Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa Pyrates a Ibadan a 1952 don yaƙi da ƙabilanci da girman kai, amma waɗanda suka ɓalle daga baya suka mai da abin na gatari da bindiga.

Ashe ke nan ma'aunin ba sunan ƙungiya ba ne. Ku tambayi yaro: da rana kuke taro ko da dare? An san shugabanninku? Me kuka taɓa yi wa unguwa? Ko Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, MSS, ai a nan Ikko 'yan makaranta suka kafa ta a 1954, a fili, ba a daji ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaranmu nawa ke yawo tsakanin buhunan albasa da tattasai a kasuwar Oyingbo ba su iya rubuta sunansu ba? Ɗalibanmu na jami'a su haɗu, su zaɓi shugabanni, su ware yammacin Asabar su koyar da ƙannensu. Mu kuma iyaye mu ba su ɗaki da allo da alli, maimakon "kul" kaɗai. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.